Siminti Ɗaya, Yashi Biyu

Da kaza wannan magana ta fara, don haka bari a fara da kazar.

Wata 'yar ja ce mai guntun bindi, ba wani kyau gare ta ba, amma a wurin Tsuntsuwa duk duniya babu kamarta. Ita Tsuntsuwa shekararta uku da rabi, ita ce 'yar fari a wurin Auta da mijinta Magini, kuma har yanzu ita kaɗai ce. Ubanta ne ya laƙaba mata sunan, wai tun tana goye da ta hango cokali sai ta wangale baki kamar ɗan tsuntsu a sheƙa. To ita da kazar nan tare suke wuni a tsakar gida. In aka ba ta biskit, ta ci rabi, ta marmasa wa kaza rabi. Har suna ta raɗa mata, wai Anti.

Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da Tsuntsuwa kwana biyar. Kaka, wato mahaifiyar Magini, ta taso tun daga ɗaya ƙarshen gari ta zo dubiya, ta tarar jikarta ta zabge, ido ya zurma. Kaka kuwa mace ce da in ta ga abin da ya kamata, ba ta tsayawa neman shawara. Auta ta fita karɓo magani ke nan, tsohuwa ta leƙa tsakar gida ta ga kaza tana tonon ƙasa, ta kira maƙwabci ya yanka, ta fige, ta ɗora romo. Da zuciya ɗaya ta yi, wallahi. Abin da ba ta lura da shi ba, ashe marar lafiyar ta lallaɓo ta dafa ƙyaure, tana kallon komai tun daga kamu har figa.

Ba ta yi kuka ba fa. Da ma kukan ta yi, da ya fi sauƙi. Da aka kawo kwano gabanta, leƙawa kawai ta yi ta ce, "Anti ce." Ta juya fuska ga bango.

Shi ke nan, daga ranar ta yi sallama da nama. Na kaza, na sa, na akuya, duk ɗaya. Aka kawo kifi, ta ce yana kallonta. Aka kawo ƙwai, ta ce ɗan Anti ne. Auta ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi alkawarin jan takalmi, a banza. Da dabara ta ƙare mata sai ta koma ɓoyo: ta daka nama a turmi ya yi laushi tiɓis, ta dama shi cikin miya. Ranar farko yarinya ta ci cokali uku lafiya, Auta har ta fara murna a ciki. Can sai ga Tsuntsuwa ta sa yatsa a baki ta zaro wani ɗan zare daga haƙori. Ta dube shi, ta dubi uwarta, ta amayar da komai a kan tabarma.

Wannan ɓoyon shi ya ƙarasa lalata lamarin. Daga nan duk abincin da ba ta ganin cikinsa ba ta taɓa shi. Farar shinkafa zalla, don ba abin da zai iya ɓuya a cikinta. Burodi, sai ta yage shi ta duba. Shayi da biskit. Iyakarta ke nan, wata uku cur.

Ranar awo Auta ta riƙe hannunta suka tafi asibitin yara. Benci cike da mata, wannan tana jijjiga, wannan tana ba da mama, fanka a sama tana juyi ba iska. Da layi ya zo kansu, Tsuntsuwa ta cire takalmi ta hau sikeli. Sista mai awo, wata doguwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ta duba lamba ta sake dubawa.

"Kilo sha ɗaya da ɗigo biyu."

Ta ɗiga biro a katin awo, ta ja layi ta haɗa da ɗigon baya. Auta a aji biyu na sakandare karatunta ya tsaya, amma wannan layin ba ya bukatar karatu. Da can hawa yake yi kamar matakala. Wata biyu ya miƙe. Yau kuma ya sunkuyar da kai.

"Maman yarinya, me take ci?"

Auta ta faɗa, har da labarin kazar.

"To ba dole sai nama ba," in ji Sista, hannunta yana ta rubutu. "Furotin ne ya yi mata kaɗan, abin gina jiki. Ga shi na rubuta miki. Ki dawo da ita nan da sati shida. Mai bi mata!"

Kafin Auta ta buɗe baki, wata ta riga ta tura ɗanta kan sikeli.

A gida ta tarar da Kaka zaune a kan kujera 'yar tsugunne, Magini kuma ya dawo cin abincin rana. Kaka ba ta san bihim ba a karatu, amma da ta karɓi katin ta nisanta shi da ido, ita ma ta ga layi ya sunkuya.

"Sati shida aka ce ko?"

"I, Umma."

"To na ba ku sati shidan. In aka koma layin nan bai ɗago kai ba, ki haɗa mata kayanta, wurina za ta koma. 'Ya'ya bakwai na raina, ba wanda ya taɓa gaya mini abin da zai ci da wanda ba zai ci ba. Kwana biyu in na matse ta a cinya na toshe hanci, za ta ci naman nan har ta lashe kwano. Ku yaran yanzu, yaro ne yake rainonku."

Auta ta saci kallon mijinta. Magini ya duƙar da kai yana ta tsince wani abu da babu shi a cikin shinkafa. Uwarsa ce, me zai ce? Ita kuwa Auta sai ta hango ɗakin nan ba ƙananan takalma a bakin ƙofa, ta hango 'yarta a matse ana ɗura mata, tana waige-waige tana neman uwarta. Abincin da ba ta ci ba ke nan ranar.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta nufi kemis ɗin bakin titi. A iya fahimtarta furotin magani ne, tunda a asibiti aka faɗa, kuma da biro aka rubuta.

"Ina kwana, Malam. Furotin nake so."

Mai kemis, wani dattijo mai furfura a gemu, ya dube ta sama da ƙasa. "Na maigidan ne?"

"Ko na waye, ba ni dai."

Ya hau kan ɗan benci ya sauko da wata ƙatuwar roba kamar bokitin fenti, ya dire a kan kanta. A jikinta hoton wani ƙato ne ba riga, ya murɗe dantse, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa kamar igiyar shanya, wuyansa ya fi kansa kauri.

Auta ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, mace ce fa! Shekararta uku da rabi! Haka za ta koma?"

Dattijon nan ya yi dariya har sai da ya cire hula ya share ido. "Baiwar Allah, wannan na masu ɗaga ƙarfe ne. Wa ya aiko ki? Mu ga takardar."

Ta miƙa masa kati tana nuna wurin da aka rubuta kalmar. Shi kuwa sai ya juya bayan katin. Ashe Sista ta cika shi da rubutu! Auta ta ga rubutun tun jiya, amma ta ɗauka gwajin biro ne, don kamar tafiyar tururuwa a cikin gari yake. Mai kemis kuwa shekara talatin yana karanta irin wannan hannun, sai ya shiga jero mata tiryan-tiryan.

"Wake. Waken soya. Gyaɗa. Riɗi. Madara. Ƙwai in za ta ci. A riƙa haɗa wake da hatsi, shinkafa ko masara ko alkama." Ya ajiye katin. "Ba maganina ba ne wannan, 'yata, kasuwa za ki. Furotin ba a roba yake ba kaɗai, a cikin abinci yake. Nama yana da shi, gaskiya ne, amma wake ma yana da shi. Sai dai shi wake akwai ɗan abin da ya rasa, hatsi yana da shi. Hatsi kuma akwai abin da ya rasa, wake yana da shi. In suka haɗu a ciki sai su cike wa juna. Kin gane?"

"Wake? Waken da na sani? Wanda ke cikin kwandona yanzu haka?"

"Shi fa."

Auta ta fito tana tafiya kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Kwana ta yi tana juyi a kan abin da yake zaune a ƙarƙashin teburin kicin ɗinta!

Ta isa gida ta ɗora tukunya, ta dafa wake ya yi luguf, ta murje shi da ludayi, ta sa mai da albasa, ƙamshi ya cika gida. Ta zuba a kwanon Tsuntsuwa mai hoton fure.

Yarinya ta leƙa. Abu ja-ja, a dame, ba a ganin ƙasan kwano.

"Me ke ciki?"

"Wake ne, 'yar albarka. Wake kawai."

"Ƙarya. Kin ɓoye Anti."

"Wallahi ban ɓoye komai ba."

"Ran nan ma haka kika ce."

Kai, wannan magana ta soki Auta! Don gaskiya yarinyar ta faɗa. Ta koma kicin ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da gefen zani.

A haka Magini ya tarar da ita da la'asar, ƙafafunsa fari fat da ƙurar siminti, igiyar awo rataye a wuya.

"Auta, lafiya? Wa ya mutu?"

Ta kwashe komai ta gaya masa, tun daga ƙaton da ke jikin roba har wake da hatsi da suke cike wa juna. Da ta zo kan "abin gina jiki", sai ya ajiye jakar kayan aikinsa a hankali.

"Tsaya, tsaya. Gini aka ce?"

"Gina jiki, Baban Tsuntsuwa, ba irin naku ba."

"Gini ai gini ne. Wato wata uku yarinyar nan yashi zalla muke zuba mata, ba siminti! Shinkafa, burodi, biskit, duk yashi ne. Kin taɓa ganin bulon da aka yi wa rowar siminti? Ga shi nan da girma kamar gaske, kina ɗagawa ya marmashe miki a hannu. Siminti kaɗai kuma ba ya bulo. Sai an haɗa. Ashe dattijon nan magini ne bai sani ba."

"To na haɗa, ta ƙi ci. Wai na ɓoye nama."

Magini ya zauna a dokin ƙofa yana kwance igiyar takalmi.

"Akwai wani mai gida da muka yi wa katanga bara," in ji shi. "Wasu sun taɓa yi masa aiki suka sace simintinsa, katangar ta zube da ruwan farko. Da muka zo, duk rantsuwar da muka yi bai yarda ba. Kin san abin da na yi? Kujera na ɗauko na dasa masa a gindin kwaɓi. Na ce, ranka ya daɗe, kai za ka farke buhu da hannunka, kai za ka ƙirga kwanon yashi. Kwana uku yana zaune a rana. Rana ta huɗu da kansa ya ce mu ci gaba, ya tafi harkarsa. Wanda aka taɓa cuta, rantsuwa ba ta yi masa komai, Auta. Kujera ake sa masa."

Auta ta sauke zani daga fuska. "Wato ni ce ɓarauniyar simintin?"

"Ni dai ban faɗa ba."

Ta jefe shi da murfin roba, ya kauce yana dariya.

Washegari ba shi da aiki da safe. Ya ɗauko kujerar roba ya ajiye a tsakiyar kicin, ya ɗora Tsuntsuwa a kai, ya kifa mata hularsa ta aiki, ta rufe ta har hanci.

"Ranki ya daɗe, yau ke ce mai duba aiki. Ni da Mamanki leburorinki ne. Ba abin da zai shiga tukunyar nan sai da izininki. Ga gwangwanin awo."

Gwangwanin madara ne da aka wanke. Ya tura mata kwandon wake. "Wannan siminti ne. Ɗaya za ki ɗiba." Ya tura na shinkafa. "Wannan yashi. Biyu. Siminti ɗaya, yashi biyu. Maimaita."

"Siminti ɗaya, yashi biyu."

"Madalla da injiniya!"

Ta ɗiba da hannunta. Ta tsince da hannunta, rabi a faranti rabi a ƙasa. Ta leƙa tukunya tun tana wayam, har ta sa a kifa ta a girgiza. Ruwa, ta gani. Gishiri, ta ɗanɗana. Mai, ta shinshina. Tukunya tana tafasa tana zaune, ko fitsari ta ƙi tashi ta yi. Auta kuma wannan karon ba ta murje komai ba, ta bar kowace ƙwayar wake a fili, ana ganinta tsakanin shinkafa.

Aka zuba. Auta ta juya baya tana wanke cokalin da ta riga ta wanke sau biyu, kunnenta yana baya. Shiru. Can sai ta ji ƙaras, cokali ya taɓa kwano. Sai kuma ƙaras.

"Mama, simintin ya yi daɗi."

Ku zo ku ga Auta! Hawaye shar-shar a cikin ruwan wanke-wanke, baki kuma har kunne.

To amma murna ta sa ta yi azarɓaɓi. Ta ga ƙofa ta buɗe, sai ta ce bari ta rama wata uku a kwana biyu. Wake da safe, wake da rana, wake da yamma, kwano tsororo. Rana ta uku cikin Tsuntsuwa ya kumbura kamar ganga, tana tafe tana sakin iska ɓut-ɓut, tana waigawa tana neman mai yi. Da yamma ta riƙe ciki tana kuka, ta ce ta daina aikin gini.

"Kin ga irinta," in ji Magini yana shafa wa yarinyar ciki. "Auta, in an buga bulo, ban ruwa ake yi masa. Kaɗan da safe, kaɗan da yamma, kullum, har ya yi ƙwari. Wanda ya juye masa randa guda rana ɗaya don ya huta, taɓo zai kwasa."

"Komai kai sai ka mai da shi bulo."

"To da me kika aura, likita?"

Auta ta koma wurin mai kemis, ya ce maigidanta ya yi gaskiya. Cikin yaro ƙarami ne, kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi tuli sau biyu. Ta riƙa jiƙa waken tun daren jiya ta zubar da ruwan, ta dafa shi ya nuna sosai. Kuma ba wake kaɗai aka rubuta ba, ta riƙa canzawa.

Daga nan aiki ya miƙe. Gyaɗa ta zama tsakuwa: a soya, Tsuntsuwa ta murje ɓawon da tafin hannu tana hurawa, a markaɗa a gabanta, a shafa a burodi. Ita ce ta ce wannan filasta ce, don ta taɓa ganin ubanta yana shafe bango. Waken soya a jiƙa, a niƙa, a tace, a tafasa, ya zama farar madara, wannan kuma fenti. Riɗi a barbaɗa a kan komai. Madarar shanu kofi guda da safe. Duk abin da zai shiga bakinta, sai ya bi ta gaban kujerar roba. A sati na uku, wata rana Auta ta ce, "Injiniya, zo ki duba aiki." Tsuntsuwa tana can tana wasa da murafen kwalba, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ki zuba kawai, Mama. Ɗaya da biyu."

Auta ta tsaya riƙe da gwangwani. An tashi daga kujera ke nan.

Kullum in tana yi mata wanka sai ta zagaya dantsenta da yatsa biyu ta ji. Yau ta ga kamar ya cika, gobe ta ga kamar idonta ne. Gashin da a da yake zuba a mataji dai ya daina, kuma yarinya ta koma tsalle-tsalle har ana ce mata ta zauna. Amma Kaka ba tsalle ta ce ba, layi ta ce.

Ranar da sati shida suka cika, tun da sassafe sai ga sallamar Kaka. A hannunta da wata babbar jaka mai zif, a ninke, ba komai a ciki. Auta tana ganin jakar ta gane ta kwasar kayan Tsuntsuwa ce. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta shiga ɗaki neman kati.

Kaka ta jawo jikarta. "Zo nan, ƙawata, 'yar tsohuwa mai taurin kai. Me aka ba ki kika ci yau?"

"Filasta."

"Me?"

"Filasta da fenti."

Kaka ta saki hannunta. "Jiya fa?"

"Siminti da yashi. Da tsakuwa kaɗan."

"La'ilaha illallahu! Wa ya ba ki?"

"Mama. Baba ne ya ce. Kullum nake ci, har na ƙara."

Ihun da tsohuwar nan ta kurma sai da tattabarun maƙwabta suka tashi. "Auta! Ke Auta! Fito nan! Kai kuma shashasha, fito! Kayan aikinka kake ɗura wa jikata? Siminti? Ni na haife ka kuwa? Ba sai an je asibiti ba, buɗe jakar nan, yanzu zan tafi da ita, a wanke mata ciki!"

Magini ya fito da asuwaki a baki, yana son magana dariya ta hana shi, ita kuwa dariyar tana ƙara tunzura Kaka, har ta fara cire takalmi. Auta ce ta durƙusa a gabanta. Shekara biyar tana gidan nan ba ta taɓa mayar wa surukarta magana ba.

"Umma, ku yi haƙuri, ku zo ku gani da idonku. Ga kujera."

Ta jawo kujerar roba ta ajiye a kicin. Kaka ta zauna tana huci. Tsuntsuwa ta ɗauko gwangwaninta, ta kifa hular ubanta, ta ɗebo wake ta kai har hancin kakarta.

"Siminti. Ɗaya." Ta ɗebo shinkafa. "Yashi. Biyu. Kaka, ba ki iya gini ba?"

Kaka ta dubi wake, ta dubi ɗanta, ta dubi Auta. Ta mai da takalminta a hankali.

"Duk gidan nan ba mai hankali," in ji ta. "Ku tashi mu tafi. Wake dai wake ne, ba zai zama nama ba. Sikeli zai raba mu."

Da jakar ta tafi.

Layi ya yi tsawo ranar. Auta tana zaune tsakanin Kaka da jaka. Da aka kira su, Tsuntsuwa ta cire takalmi ta hau, ta ƙame kamar soja. Lambobi suka yi ta rawa, suka tsaya. Sista ta gyara tabarau.

"Sha ɗaya da ɗigo tara."

Auta ba ta yarda da kunnenta ba, biron take kallo. Ya sauka a kan kati, ya ɗiga, ya ja layi daga ɗigon baya. Layin ya ɗago kai. Ba wani tsalle ya yi ba, amma ko makaho ya shafa zai san sama ya nufa.

"Kai, Maman yarinya, sannu da ƙoƙari! Ta fara cin naman ne?"

"Ko ƙwaya, Sista. Abin da kika rubuta ne a bayan kati."

"Kin iya karanta hannuna? To ke ce ta farko." Sista ta yi dariya, sannan ta tsuke fuska kaɗan. "Amma kar ki saki jiki, ba ta kai inda ya kamata ba tukuna. Ki ci gaba yadda kike yi, kar ki fasa madarar. Tunda ba ta cin nama zan rubuta mata ɗan maganin ƙarin jini. Wannan kam na kemis ne. In ta yarda da ƙwai, ya fi. Ki dawo wata mai zuwa."

Kaka ta miƙa hannu ta karɓi katin. Ta nisanta shi, ta matso da shi, ta juya shi ta kai ƙasa ko yaudararta ake yi, ta sake miƙar da shi. Ta bi layin da farce.

"'Yar nan," ta ce da Sista, "tsakaninki da Allah, wake ne ya yi wannan?"

"Wake da 'yan uwansa, Mama. Da kuma mai dafawar."

Kaka ta wuce gaba har suka fito bakin titi. A nan ta tura wa Auta jakar, ba tare da ta dube ta ba.

"Riƙe. Ki bi ta kasuwa ki ciko ta da simintin naku. Ba na yawo da jaka wayam kamar marar aikin yi."

Auta ta rungume jakar nan a ƙirji kamar jariri. Tsuntsuwa ce ta ja zanin kakarta ta ce a sayo har da tsakuwa.

Bayan kwana huɗu sai ga Kaka ta dawo da kwando rufe da tsumma, wani abu yana motsi a ciki. Ta ajiye a tsakar gida ta yaye. 'Yar kaza ce, ja, sai dai bindinta ya fi na waccan tsawo.

Tsuntsuwa ta ja da baya ta ɓuya a bayan uwarta. Kaka ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, har fuskarta ta zo daidai da ta yarinyar.

"Ƙawata, waccan ban san taki ba ce. Da na sani da ban taɓa ta ba. Wannan ba ta yanka ba ce, kin ji? Ko ni na kwanta ciwo, ba mai sa mata wuƙa. Ƙwai kawai za ta riƙa ba ki, kuma tunda ba zakara a gidan nan, ba ɗan kowa a ciki. Kyauta ce take ajiye miki."

Tsuntsuwa ta daɗe tana kallon kakarta. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da biskit, ta gutsura rabi, ta tsuguna ta marmasa rabi a ƙasa.

Shekaranjiya kazar ta yi ƙwanta na farko a bayan randa. Tsuntsuwa ce ta gano shi, ta shigo da shi a tafin hannu biyu, da ɗuminsa, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Ba ta ce za ta ci ba, Auta kuma ba ta tambaye ta ba. Ta dai ɗaga shi a hasken taga ta leƙa, ta juya shi, ta sake leƙawa.

"Mama, wannan a gini mene ne sunansa?"

"Sai Babanki ya dawo mu tambaye shi."

Ta sa shi a cikin gwangwanin awo, ta jawo kujerar roba, ta hau ta zauna tana jira.